Gani Biyu-Biyu: Nasiha Ga 'Yar'uwar Da Aka Kasa Gano Ciwonta

  

Maganata ta wannan fitowa da ke ce 'yar'uwa, ke da kike duban ƙofar ɗakinki ki ga ƙofa biyu, ki miƙa hannu za ki ɗauki kofi ki damƙi iska. Yau ido garau, jibi da la'asar sai layin Alƙur'ani ya hau kan ɗan'uwansa. Wata fatar idonta ɗaya ce ke saukowa kamar mai jin barci, wata hannu ne ke sagewa, wata jiri ke ɗibarta in ta ɗago daga sujada. An je asibiti, an ɗebi jini, an auna, an ce ba a ga komai ba. Abin ya lafa wata biyu, har an fara mantawa, sai ga shi ya dawo. Haka kuma maganar ta shafe ki ke mai lafiya, domin mai wannan lalura ƙanwar wata ce, kishiyar wata ce, surukar wata ce, kuma abin da ke fitowa daga bakinki yana iya zame mata sauƙi ko ƙarin ciwo.

Ciwon da aka san sunansa yana da rangwame ta wata fuska. Mai ciwon suga an san abin da za a hana ta ci, mai karaya kowa yana ganin ɗauri, ana zuwa dubiya da lemo da ayaba. Ita kuwa wannan baiwar Allah kaya biyu ta ɗauka, ga ciwo ga shakkar mutane. Da safe an gan ta tana shara, da yamma ta ce ba ta iya zuba miya a kwano, sai a ce son jiki ne, ko a ce don yau girkinta ne. Har takan kai ita kanta ta fara tuhumar kanta.

To mu fara da aƙida. Imamul Buhari ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya sanar da mu babu cutar da Allah Ya saukar face Ya saukar mata da magani. A ruwayar Imamu Ahmad daga Abdullahi ɗan Mas'ud (RA) akwai ƙarin bayani cewa wani yakan san maganin, wani kuma ya jahilce shi. Ki lura da wannan ƙarin sosai. Idan likita ya ce bai ga komai ba, ma'anarsa gwajin da aka yi a ranar bai kamo abin ba. Bai ce lafiyarki ƙalau ba, bai kuma ce aljanu ne ba. Mu ne muke cike gurbin da abin da zuciyarmu ta raya mana.

Yana da kyau ki san yadda Allah Ya tsara ganinki, don sanin yana rage tsoro. Kowane ido yana da tsoka shida masu juya shi sama da ƙasa da gefe. Jijiyoyi uku ne daga ƙwaƙwalwa suke ba waɗannan tsokoki umarni a kowane ɓangare. Kowane ido yana ɗaukar nasa hoton daban, ƙwaƙwalwa ce ke haɗa biyun su zama ɗaya, da sharaɗin idanun biyu sun fuskanci abu guda a lokaci guda. Da zarar tsoka ɗaya ta yi rauni, ko jijiya ɗaya ta gaza isar da saƙo, sai ido ɗaya ya kauce kaɗan, kaucewar da mai kallonki ba lalle ya lura da ita ba, amma ke sai ki ga abu ya rabu biyu. Subhanallah, tun da aka haife mu wannan aiki yake gudana ba mu taɓa gode masa ba. Kuma wannan ilimi ba baƙo ba ne a wurin Musulmi. Alhasan ɗan Haisam, mutumin Basra da ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, ya yi gwaje-gwaje a kan yadda idanu biyu ke ganin abu ɗaya da yadda abin ke rabuwa biyu, ya rubuta a littafinsa Kitabul Manazir. A nan gida ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan magunguna har da na ciwon ido.

Akwai gwaji ɗaya da za ki yi a ɗakinki ba da ko kwabo ba. Lokacin da abin ya taso, ki rufe ido ɗaya da tafin hannu, sannan ki sauya ki rufe ɗayan. Idan kowanne kika rufe gani ya koma ɗaya, to idanun ne ba su daidaita da juna ba, matsalar tana ga tsoka ko jijiya ko ƙwaƙwalwa. Idan kuwa da ido ɗaya a buɗe ma biyu kike gani, to galibi matsalar a cikin wannan idon take, kamar yanar ido ko bushewar ido ko buƙatar tabarau. Wannan ita ce tambayar farko da likitan ido zai yi miki, in kin zo da amsarta kin rage masa rabin aiki.

Abubuwan da ke kawo irin na farkon suna da yawa, zan ambaci waɗanda suka fi shafarmu mu mata. Ciwon suga da hawan jini sukan toshe ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da jijiyar ido, gani ya rabu biyu kwatsam, kuma yawanci yakan warware cikin kamar wata uku idan aka kula da sugan da jinin. Ciwon ƙullutun gaban wuya, wanda likitoci ke kira tayirod, yakan kumbura tsokokin ido har idanu su firfito. Akwai kuma yawaitar matsin ruwan da ke zagaye da ƙwaƙwalwa, wanda ya fi kama mata masu shekarun haihuwa, musamman masu jiki. Alamarsa ciwon kai mai naci, da jin ƙara a kunne tana tafiya da bugun zuciya, da duhun gani na 'yan daƙiƙu idan an sunkuya ko an miƙe. Wannan idan aka yi sakaci da shi yana iya cinye gani gaba ɗaya, alhali likita yana iya hango alamarsa ta hanyar leƙa bayan ido da fitila. Mai ciki da laulayi ya tsananta mata, ta yi makonni tana amai ba ta riƙe abinci, ita ma tana iya rasa bitamin B1 a jikinta, gani ya rabu, tafiya ta zama tangaɗi, tunani ya rikice. Wannan ba laulayin da za a ce a yi haƙuri zai wuce ba ne.

Amma wanda na fi so in tsaya a kansa shi ne ciwon da ake kira mayastiniya, domin shi ne ya fi kama da abin da mutane ke kira ƙarya. A wannan ciwo, garkuwar jiki ce ke kai hari a mahaɗar jijiya da tsoka, sai saƙo ya riƙa isa da rauni. Tsokar tana aiki da safe bayan an huta, tana gajiya yayin da yini ke tafiya. Shi ya sa za ki ga mace da hantsi idonta a buɗe tar, da magariba fatar idon ta rufe rabi, ko tana cikin tauna nama muƙamuƙinta ya gaji, ko muryarta ta koma ta hanci in ta daɗe tana magana, ko ta kasa ɗaga hannu ta taje kanta. Ta kwanta minti talatin sai ta ji dama. To kin ga, asibiti da safe ake zuwa, lokacin da ciwon ya ɓuya! Ƙari a kan haka, cikin waɗanda ciwon ya tsaya musu a ido kaɗai, kusan rabi gwajin jininsu yakan fito babu komai. Ga dalilin da wata za ta yi shekara tana yawo da fayil ba a gano ba. Ciwo ne da ake da magungunan da ke danne shi, mutum ya yi rayuwarsa, ya haihu, ya yi aikinsa. Sai dai akwai magungunan da ke tsananta shi, irin su kwinin na zazzaɓin cizon sauro, da wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta kamar sifro da jentamaisin, da allurar maganisiyam da ake yi wa mai jijjigar haihuwa. Wadda ake zargin tana da shi ta daina sayen magani a kemis da ka, kuma ta faɗa a wurin awo tun ranar farko.

Akwai lokacin da ba a jiran gari ya waye. Idan ganin biyu ya zo tare da ciwon kai mai tsanani irin wanda ba ki taɓa ji ba, ko fatar ido ta faɗi baƙin tsakiyar idon ya buɗe ya fi na ɗayan girma, ko baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, ko ɓarin jiki ya mutu, ko haɗiya da numfashi suka yi wuya, ko kina da ciki ko kina jego ga ciwon kai ga kumburi, to a nemi mota ko Adaidaita Sahu a tafi sashen gaggawa a wannan sa'ar. A yi addu'ar a hanya.

Mu mazauna Gyadi-Gyadi da Tarauni da Darmanawa da Unguwa Uku, Allah Ya yi mana wata ni'ima da ba ma lissafa ta. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, ga shi nan a kan titin Zariya, wasunmu da ƙafa ma suna isa. Mutane suna tahowa daga Jigawa da Katsina har da Jamhuriyar Nijar, su kwana a hanya, don ganin likitocin da ke maƙwabtaka da mu. Akwai kuma asibitin ido na ECWA a Sabon Gari da asibitin ido na Makka. Asibitin koyarwa yawanci da takardar turawa ake zuwa, kuma akwai layi, akwai jira, hoton ƙwaƙwalwa na MRI kuwa kuɗi ne masu nauyi ga talaka. Duk da haka ki daure. Idan likitan ido ya tura ki wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, kada ki ce ai ni ba mahaukaciya ba ce. Mata da yawa da sun ji kalmar ƙwaƙwalwa sai Dawanau ta faɗo musu a rai, su ninke takardar su sa a ƙarƙashin katifa. Likitan jijiyoyi daban, likitan taɓin hankali daban, kuma ko wurin na biyun aka tura ki babu abin kunya, damuwa ma ciwo ce mai taɓa jiki da gaske.

Ki sayi ɗan littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Duk ranar da abin ya taso ki rubuta kwanan wata, da ƙarfe nawa, da tsawon lokacin da ya ɗauka, da ko hotunan biyu gefe da gefe suke ko ɗaya a kan ɗaya, da abin da ya zo tare da shi. Ki sa 'yarki ta ɗauki hoton fuskarki da waya da safe, ta sake ɗauka da daddare. Likitan da ke da minti goma da ke zai amfana da wannan fiye da dogon labari. Kuma don Allah ki faɗa masa duk abin da kike sha da wanda kike shafawa, har da na gargajiya, da maganin mata, da ƙwayoyin ƙiba da ake ce wa sha ka fashe, da man bilicin. Na san da nauyi, amma wasu daga cikinsu suna ɗauke da sinadarin da ke jawo suga da hawan jini da yanar ido. Idon kuma kada a ɗiga masa ruwan albasa ko nono ko wani jiƙo, ciwon da ke jijiya ba ya jin abin da aka zuba a waje, sai dai a ƙara wani ciwon a kan na da.

Yanzu sai maganar da ta fi ci mini rai. A ajin matan aure, da wuya a ambaci irin wannan lalura wata ba ta ce ai sammu ne ba, ko jifa, ko shafar aljanu. Mun yi imani da samuwar aljanu da sihiri da kambun baka, nassi ya tabbatar da su. Amma imani da samuwar abu daban, ɗora shi a kan wata baiwar Allah ba hujja daban. Allah Ya umarce mu a Suratul Hujurat, aya ta 12, mu nisanci yawan zato, Ya kuma sanar da mu cewa wani zaton zunubi ne. Gida nawa aka raba a kan ciwon da daga baya aka gano suga ne? An daina cin abincin kishiya, an hana yara shiga ɗakinta, an yanke gaisuwa da dangin miji, ƙarshe likita ya rubuta magani ciwo ya lafa, amma zumuncin da aka yanka bai ɗinku ba. Wa zai biya wannan matar haƙƙinta ranar gobe ƙiyama? Wanda kuma zai buga ƙasa ya ce miki wance ce ta yi miki, boka ne ko da ya naɗa rawani. Imamu Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Ruƙya ta shari'a halal ce, Manzon Allah (SAW) ya yarda da ita matuƙar babu shirka a ciki, kamar yadda ya zo a hadisin Aufu ɗan Malik (RA). Kuma mafi kyawunta wadda kika yi wa kanki, Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi ki tofa a hannu ki shafa, yadda Nana A'isha (RA) ta ba da labarin yana yi. Duka da bulala, da shaƙe wuya, da turnuƙe mace da hayaƙi, da keɓewar namiji da matar da ba muharramarsa ba, babu ɗaya da ke cikin sunna. Mai raunin tsokar numfashi a tura mata hayaƙi, ai kisa ake nema. Ki yi ruƙyarki da daddare, da safe ki kama layin asibiti, ɗaya ba ya korar ɗaya.

Ki yi tunani a kan wata sahabiya. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas (RA) ya tambayi almajirinsa Aɗa'u ɗan Abu Rabah ko yana so ya nuna masa mace 'yar Aljanna, sai ya nuna masa wata baƙar mace. Ita ce ta zo wa Annabi (SAW) ta ce tana fama da farfaɗiya, kuma in ta faɗi jikinta yana yayewa, ta roƙi addu'a. Ya ba ta zaɓi, ko ta yi haƙuri ta sami Aljanna, ko ya roƙa mata waraka. Ta zaɓi haƙuri, amma ta roƙi ya yi mata addu'a kada jikinta ya riƙa yayewa, ya kuwa yi mata. Dubi abubuwan da ke cikin wannan ƙissa. Ciwonta na ƙwaƙwalwa ne, mai zuwa ya tafi, irin wanda mutane ke gudu. Ba ta ɓoye shi ba, ta faɗe shi a gaban mafificin halitta, bai kuma ce mata raunin imani ne ko zunubinta ne ya jawo ba. Kuma da ta karɓi haƙuri, ba ta karɓi wulaƙanci tare da shi ba, ta nemi a rage mata ɓangaren da ke taɓa mutuncinta. To ke ma haƙurinki bai hana ki cewa a sa miki ƙarfen riƙewa a banɗaki ba, bai hana ki cewa ba za ki iya sauke tukunyar ruwan zafi da yamma ba. Hadisin bai hana neman magani ba, malamai sun kafa hujja da shi ne a kan falalar wanda ya jure abin da bai sami maganinsa ba. Annabi Ayyuba (AS) da ake buga misali da haƙurinsa ya kai kukansa ga Ubangijinsa, kamar yadda ya zo a Suratul Anbiya'i, aya ta 83. Annabi Yaƙubu (AS) kuwa idanunsa sun yi fari saboda baƙin ciki, Allah bai zarge shi ba, daga baya Ya mayar masa da ganinsa.

Game da ibada, addini ya yi miki sauƙi fiye da yadda kike yi wa kanki. Imrana ɗan Husaini (RA) yana fama da basir, Annabi (SAW) ya ce masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Mai littafin Ahalari da muke karantawa a Islamiyya ya jera matakai bakwai: tsayuwa ba jingina, tsayuwa da jingina, zama ba jingina, zama da jingina, sannan kwanciya a gefen dama, ko hagu, ko rigingine. Idan jiri ke ɗibarki ki jingina da bango, in bai yiwu ba ki zauna, sallarki ta inganta. Rufe ido a salla makaruhi ne a asali, amma malamai sun ce karhancin yana gushewa idan abin da ake gani yana raba hankali, ganin darduma biyu kuwa ya isa uzuri. Idan kina ɗaura ƙyalle a ido ɗaya don gani ya daidaita, ki cire shi lokacin alwala tunda babu rauni a wurin. Karatun Alƙur'ani ki mayar da shi bayan asuba lokacin da ido ke da ƙarfi, ki nemi mai manyan baƙi, da yamma ki saurara ta waya ko rediyo. Kada ki yi kuka don izu ɗaya da kika saba yi kullum ya koma shafi biyu, Buhari ya ruwaito daga Abu Musa (RA) cewa bawa in ya yi rashin lafiya ana rubuta masa ladan abin da ya saba yi yana da lafiya. Azumi kuma, wadda maganinta na bayan 'yan sa'o'i ne, ta tambayi likita kafin watan ya kama. In ya ce akwai cutarwa ta sha ta rama, Suratul Baƙara aya ta 184 da 185 sun ba ta wannan dama. In ciwon ya zama na dindindin ta je wa malami ya yi mata bayanin ciyarwa.

A cikin gida, ki yi girki mai nauyi da safe. Rufe ido ɗaya yana kawar da ganin biyu amma yana rage gane nisan abu, saboda haka a hankali da matakala da wuƙa da murhu. Mai tuƙi ta ajiye mota har likita ya ba ta izini, kuma kada ki tsallaka titin Zariya ke kaɗai a ranar da abin ya motsa. Akwai tabarau na musamman da ake yi wa wasu don haɗa hotunan biyu, ki tambayi likitan ido ko ya dace da ke.

Maigida kuwa, tunda na san wasu suna leƙa mujallar nan in an bar ta a falo, ina roƙonka ka raka ta asibiti ko sau ɗaya ka ji daga bakin likita da kunnenka. Kalmar "kullum ke ba lafiya" ta fi ciwon zafi. Ke kuma uwargida ko amarya, in kin karɓar mata girkin dare a ranar da idonta ya ƙi, kada ki bi shi da gori. Shugabannin ƙungiya a rassanmu, asusun da muke tarawa don biki da suna a ware wani abu daga ciki don kuɗin gwaji, a kuma sami mace ɗaya mai ilimin boko da za ta riƙa raka marasa lafiya asibiti, ta riƙe musu fayil, ta rubuta abin da likita ya ce da ranar komawa, domin mai ganin layi biyu ba ta iya karanta takardar maganinta. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti.